Farar Riga Ba Suna

Duk ranar da zan je asibiti awon hawan jini, in mai moto, wato ɗan acaɓa, ya biyo da ni ta gefen gine-ginen nan na jami'ar gwamnati inda ake koyar da aikin lafiya, sai in dafa kafaɗarsa in ce ya sassauta. Shi yana tsammanin tsoron faɗuwa nake ji, ni kuwa kallo nake so in yi. Yara ne, samari da 'yan mata, kowa da farar riga har gwiwa, wasu sun rataya abin sauraron ƙirji a wuya, suna tsaye gindin darbejiya suna cin burodi da wake suna danna waya. An gaya mini a cikinsu akwai waɗanda za su fito likitoci, akwai masu karatun awon jini da fitsari, akwai masu koyon harkar magani. Sai in kasa kunne ko zan tsinci muryar unguwarmu a cikin hayaniyar. Faransanci ne ke tashi, jefi-jefi Fulatanci. Hausa kuwa ba na jin ta sai in mai moton da ya ɗauko ni ya zagi wani direba. Shi ne namu, ɗan mahauta, ya bar lise, wato sakandare, ya hau moto. Daga nan har in isa asibiti raina a ɓace yake, shi ya sa kullum ma'aikaciyar ke cewa jinina ya hau.

Garwar da na tashi a ciki ba ta da irin waɗannan gine-gine. Abin da ke tada mu da asuba kukan shanu ne ana kora su mayanka, da ƙarar wuƙa ana wasa ta a dutse a zaurukan mahauta. In damina ta sauka Binuwai ya cika, sai ka ji jiragen ruwa na busa daga bakin kogi, yara su ruga kallo. In kaka ta yi kuma manyan motocin auduga daga Pitowa ne ke wucewa suna zubar da farin gashi a gefen hanya, mu bi mu tsinta mu yi lagwanin fitila. Ni a gidan Goggo na tashi, yayar mahaifina, wadda sana'arta farfesun kai da ƙafa. Aikina shi ne babbaka da kankara da wanke tumbi. Hayaƙi ya cika mini ido, zafin Garwa na dukan bayana, Goggo na kan kujerarta tana duba kowane yanki. In ta ga saura datti sai ta jefo mini shi ta ce, "Koma ki wanke har sai kin yarda ki ci da bakinki." A wurin nan ƙyama ta fita daga raina. Jini, kitse, wari, babu wanda ke sa ni kau da kai.

Dalilin zamana a gidan Goggo shi ne ni 'yar fari ce. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A lokacinmu mace ba ta nuna ta san ɗanta na fari. Da an yaye shi za a miƙa wa kaka ko goggo, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu tsanantawa, mu kuma ba ma so a ce sun fi mu kunya. In na je gidanmu gaisuwa, Inna mahaifiyata takan juya wa ƙannena ta ce, "Ku ba yarinyar gidan Goggo abinci." Da na yi ƙyanda na kusa tafiya, a ƙofar ɗaki ta tsaya tana tambayar Goggo yaya mai jikin gidan nan, ba ta shigo ba. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don na ga haka ake yi wa kowa. Naman da ke cikin kwanona kullum ya fi na ƙannena, na kuma san hannun da ya zuba shi.

Ko makarantar nasara da na shiga, ba don an so ni da ita ba ne. An ce kowane gida ya ba da yaro, aka duba aka ga 'ya'yan maza suna da amfani a mayanka, sai aka ba da ni. Ashe kaina na ja. In an tashi daga makaranta nakan ɗauki tukunyar Goggo in kai bakin dispansar unguwa, ƙaramin asibitinmu, inda masu jinya ke saye. A nan na san Madam, ungozomar asibiti, wata 'yar kudu mai faɗan tsiya da hannu mai sanyi. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Fulatancinta kuwa abin dariya ne. Wata rana aka kawo wata matar mahauci jini na zuba, Madam na tambaya matar na amsa wani abu daban, sai ta leƙo ta taga ta yafito ni. Na tsaya ina juya magana tsakaninsu, daga baya ta miƙo mini kwanon da jini ke ciki na riƙe, ban ko yamutsa fuska ba. Da aka gama ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Faransanci, "Ke wa ya koya miki tsayuwa a gaban jini?" Na ce tukunyar Goggo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na zama bakinta, ita kuma ta sa mini a rai cewa akwai makarantar koyon jinya da ungozomanci a kudu, ana shiga da konkur, wato jarrabawar gasa, kuma in na dage zan ci.

Na dage, na kuma ci. A lokacin a rediyo ake karanta sunayen waɗanda suka yi nasara. Muna tsakar gida ina kankare ƙafar sa, rediyon maƙwabci na magana ta saman katanga, sai na ji an kira sunana da na mahaifina, an karya su irin yadda 'yan kudu ke karyawa. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Goggo ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce nisan ya yi yawa: a hau babbar mota har Ngawundere, daga can a shiga jirgin ƙasa, a kwana a tashi ana tafiya, 'ya mace ita kaɗai cikin mutanen da ba su san salla ba. Ba muguwa ba ce Goggo, tsoro take ji, kuma ba ta da kowa sai ni.

Mahaifina shi ma kunyar ɗan fari ta ɗaure shi, sai ya miƙa zancen ga yayansa, Baffa. Aka taru a tsakar gidan Baffa bayan sallar la'asar. Madam da kanta ta zo, ta ɗaura ɗankwali a karkace don girmama wurin, ni ce ma na juya maganarta ina kallon ƙasa. Ta ce za ta haɗa ni da 'yar'uwarta a can, ta ce matan unguwar nan suna mutuwa a gida don ba sa yarda namiji ya duba su, kuma ba wanda ke jin bakinsu. Goggo ta faɗi nata tana share hawaye. Baffa mutum ne mai adalci, har gobe ina yi masa addu'a. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ni dai na tsaya a tsakiya. Wadda ta riƙa ta ce a'a, wadda ta koyar ta ce e. Saura wadda ta haifa. Ke me kika ce? Abin da kika faɗa shi za a yi."

Inna na zaune can gefen rumbu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ɗago na dube ta, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Na ga yatsunta na murza bakin mayafin. Baffa ya sake tambaya. Sai ta ce, a hankali, "Ni ina da 'ya a nan ne? 'Yar Goggo ce."

Shi ke nan, aka shafa fatiha. Har yau ina jin muryoyin matan da ke bayana suna yaba ta: "Kai, wannan mata da kunya take! Haka ake so." Madam ta tambaye ni me aka ce, na kasa juya mata. Na koma wa tukunyata. Ba wanda ya yi mini dole a kan komai bayan haka, na auri wanda nake so, na gaji sana'ar Goggo, na yi aikin hajji da ribarta, Allah ya rufa mini asiri. Amma na shekara da shekaru in na ga farar riga sai in tuna ranar nan, kuma ban ɓoye ba, na riƙe Inna a raina.

Sai ranar da ta rasu. Muna neman farin yadi a kayanta don likkafani, ƙanwarta ta buɗe babbar kwallar da ke ƙasan jere, ta ɗago zannuwa, sai ga wata farar riga a ninke, ɗinkin ma'aikatan asibiti, daidai jikin yarinya. Ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Ta ce washegarin da aka kira sunana a rediyo Inna ta sayi yadin wurin dillaliya, ta ja ta suka leƙa zauren telan maƙwabta, ta kwatanta masa irin rigar Madam. Tela ya ce irin wannan ana ɗinka suna a saman aljihu, wane suna zai sa? Inna ta yi tsaye. "Na buɗe baki zan faɗa," in ji ƙanwar tata, "sai ta mintsine ni, kada ya gane ta 'yarta ce. Ta ce ya bar wurin haka, za ta aiko." Na juya rigar a hannuna. Saman aljihun fari fat. Wato ranar da Baffa ke tambayarta, rigar nan na ɗakinta a ɗinke. Ban san wanda ya fi yawa a kukan da na yi ba, tausayi ko haushi.

To, yanzu dubi yadda zamani ya juya. Makarantar da aka ce ta yi mini nisa, ga wadda ta fi ta an kawo mana har gida. Ba babbar mota, ba jirgin ƙasa, yarinya za ta karya a ɗakin uwarta ta je ta dawo ta yi magariba a gida. Iyaye daga Maruwa, daga Ngawundere, daga can kudu suna turo 'ya'yansu suna kama haya a unguwanninmu don su yi karatun. Mu kuwa da muke maƙwabtaka da wurin mun zama masu ba da haya da masu kai musu nama. Da an ce nisa, yanzu da nisan ya kau sai aka ce daɗewa, wai shekarun sun yi yawa. In ka ture wannan a ce ana taɓa gawa, kamar ba 'ya'yan mahauta ba. Kuma mazan nan da ke faɗin haka a majalisa su ne za ka gani a asibiti suna ɗaga murya, wai ba mace ne da za ta duba musu iyali? Daga sama za ta faɗo? Wannan abu na ci mini rai ƙwarai.

Ina ta faɗan nan a kan 'ya'yan wasu, ashe abin na nan tafe gidana. Jikata Rakiya ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta zauna konkur ɗin shiga karatun likita, ta ci. Yanzu ba a jiran rediyo, a waya ta gani ta shigo da gudu ta faɗa jikina har ta kusa karya ni. Kwana kaɗan sai ga ta ta dawo ido jawur. "Hajiya, Baba ya ce in bari. Wai in koyi ɗinki." Ta ce akwai wa'adin yin rajista, in ya wuce wurin ya zama na wani, kuma saura ƙiris.

Uban nata shi ne ɗana na fari. Yadda aka yi mini haka na yi masa, don abin da na sani ke nan. Da na yaye shi na miƙa wa uwar mijina. Ya girma, ya zama dillalin shanu, gemunsa ya yi furfura, amma sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Uban yaran nan nake cewa, ko mai shanu. Kullum da safe yakan zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" in amsa ina kallon bango. In ina da magana da shi, ƙanwarsa nake aikawa. Wannan karon ma na aika ta, na sake aikawa. Amsa ɗaya take dawowa da ita: "A gaya wa Hajiya na ji." Ya ji, amma bai sauya ba. Saƙon da ya bi ta bakin ƙanwa ba ya da nauyin da zai ture maganar majalisa.

Da Rakiya ta ƙi cin abinci, aka kai zancen gaban Alhaji Ƙarami, ƙanen marigayi mijina, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Aka taru a tsakar gidana bayan la'asar. Kafin su zo na buɗe kwalla na ɗauko abin da na ɗauko na sa ƙarƙashin mayafi, ban ma san me zan yi da shi ba. Mai shanu ya jero dalilansa: shekaru da yawa, kwanan asibiti, cakuɗuwa da maza, abin da mutane za su ce. Uwar yarinyar na gefe ta sunkuyar da kai, don ita ma Rakiya 'yar farinta ce, ga surukai a wurin. Na dubi yatsunta, na ga suna murza bakin mayafi. Alhaji Ƙarami ya gyara zama ya ce, "To, uba ya yi magana. Hajiya, ko kina da abin cewa?" Don cika al'ada ya tambaya, har ya fara ɗaga hannu zai yi fatiha, ya san amsar da ake bayarwa: ina ruwana da maganar gidansa.

Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai na ce, "Hamidu."

Wallahi waiwayawa ya yi, yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da muryata ba. Alhaji Ƙarami ya sauke hannu ya ce, "Subhanallahi! Hajiya, ɗan fari ne fa!"

Na ce, "Na san ko wane ne, Alhaji, ni na haife shi." Na zaro rigar na shimfiɗa a kan tabarma. Ta yi ja don daɗewa, duk layin ninki ya fito. Na ce, "Hamidu, dube ni nan. Wannan kakarka ce ta ɗinka mini. Ta iya nemo yadi, ta iya zuwa wurin tela, kalma ɗaya ce ta gagare ta, aka yi ta yabonta har ta mutu. Ni ba na son yabon. Bara da matarka ta kwanta, wa ya tsaya a asibiti yana rantsuwa namiji ba zai taɓa ta ba? 'Yar wa kake so ta duba maka ita? Ta wani ce ba ta da uba mai kishi? Yarinyar nan za ta yi karatun nan. Ni na haife ka, ni na ce. In majalisa ta tambaye ka, ka ce uwarka ce ta sa ka."

Rakiya ta toshe baki da hannu, uwarta kuwa hawaye ne ke ɗiga a kan mayafinta. Hamidu ya daɗe yana kallon aljihun rigar nan, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "An gama, Hajiya." Alhaji Ƙarami ya shafa fatiharsa a gurguje ya nemi takalmansa. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, wai tsufa ya cire wa Hajiya mai farfesu kunya. Wata ƙawata ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Na ce a gaya mata lafiya lau, jinina ma ya sauka.

Washegari da safe ya zo gaisuwa kamar kullum, ya tsuguna a ƙofar ɗaki. Rakiya na zaure da takardunta tana jiransa. Na amsa ina kallon bango, don abin da aka saba ba ya barin mutum rana ɗaya. Sai na ji bai tashi ba.

"Hajiya," ya ce, "jiya ban ji sosai ba."

"Me ne ne ba ka ji ba? Duk unguwa ta ji."

"Farkon maganar."

Na juyo na dube shi. Ƙaton mutum da furfura, mai sayen garke guda a tsaye, ya tsuguna yana wasa da bakin tabarma, idonsa ya kawo ruwa. Na san abin da yake nema, don ni ma na neme shi har aka binne wadda za ta ba ni. Amma bakina ya sake ɗaurewa. Na ce, "Tashi ka kai yarinya, rana na yi." Ya miƙe a hankali ya nufi zaure. Sai da ya kai bakin ƙofa na iya ɗaga murya.

"Hamidu! In kun gama rajistar ku biya wurin tela. Ka ce ya ɗinka mata farar riga, ya sa sunanta da manyan baƙaƙe, yadda za a gani daga nesa."

Ya tsaya, bai juyo ba. Na ga ya kai hannun riga fuskarsa. "To, Inna," ya ce, ya fita.

Na zauna ina jin ƙarar motonsu har ta ɓace. Sannan na ɗauko tawa rigar, na shafa saman aljihun, na ninke ta yadda na same ta, na mayar ƙasan kwalla.